Yadda zaka haɗa tsohuwar kyamararka da waya ta adaftar waifai

Duk mai sana'ar hoto a Jos ya san yanzu kwastoma baya da haƙurin jiran kwana uku. Ana cikin kamu ko dina ƙawayen amarya sun fara tambayar a tura musu guda biyu su ɗora a situs, ɗan siyasa yana kan mumbari yaransa suna so hoton ya hau Facebook kafin ya sauko, haka ranar yaye ɗalibai a Unijos ko walimar saukar Alƙur'ani a Unguwar Rogo. Kuma yawancinmu kyamarorin da ke hannunmu na hannu ne, irin su Nikon D3200, D5200, D7100, ko Canon 600D, 700D, 60D, masu kyan hoto amma babu waifai a cikinsu ko ɗaya. Toh ba sai ka sayar da kyamara ka ci bashi ka sayi sabuwa ba, akwai 'yar na'ura da zaka maƙala mata ta riƙa magana da wayarka.

Amma tun farko ka saka wannan a ranka ɗan uwa, adaftar nan amfaninta ka fitar da hoto goma ko ashirin nan take a wurin taro. Ba a yi ta don kwashe kati gaba ɗaya ba. Lissafa da kanka, D3200 megafiksel 24 ce, JPEG ɗinta mai kyau yana kai MB 10 ko sama, in ka ɗauki hoto 500 a biki ka tara GB 5 kenan, ko da a ce adaftar tana tura MB 1 duk daƙiƙa ba tsayawa sai ka yi sama da awa ɗaya da minti ashirin kana jira, kafin nan batir ya daɗe da mutuwa. Kamar ka ce zaka kwashe ruwan tanki da ludayi ne. Wanda ya gane wannan zai ji daɗinta, wanda bai gane ba shi ne mai cewa an damfare shi.

Fara da duba lambar kyamararka

Nan ne mutane suke asarar kuɗi, domin adaftar ba iri ɗaya bace kuma ba kowace ke shiga kowace kyamara ba. Juya kyamarar ka karanta lambarta sosai kafin ka je kasuwa.

Idan Nikon ce, akwai WU-1a da WU-1b, dukansu sun fito a 2012, ƙanana ne ƙwarai basu kai kan babban yatsa ba, ana soka su a ramin USB na gefen kyamara. WU-1a ita ce ta D3200, D3300, D5200, D7100 da Df. WU-1b kuma ta D600 da D610 ce da wasu daga cikin Nikon 1. Bakinsu daban ne, ɗaya bata shiga ramin ɗaya, don haka kar mai shago ya ce maka ai duk ɗaya ne. Masu D3100, D5100, D7000 da D90 ku yi haƙuri, babu wadda take aiki da ku a cikin biyun nan, naku maganin yana ƙasa. Mai D5300 kuwa baya buƙatar komai, waifai na cikinta tun daga kamfani, D3400 da D3500 kuma bulutut gare su da manhajar SnapBridge.

Idan Canon ce, suna da W-E1 da ta fito a 2016, siffarta sak katin memori na SD amma bata ajiye hoto ko ɗaya, waifai ne zalla. Kyamara uku kacal take wa aiki, 7D Mark II, 5DS da 5DS R. Tunda ta cinye ramin SD dole ka sa katin CF, wato ɗaya nau'in katin memori da ya fi SD girma, a ɗaya ramin don hotuna su samu wurin zama. Kar ka saye ta don 600D ko 5D Mark III, bazata tashi ba.

Sauran jama'a, wato mafi yawanmu, hanyarmu ita ce katin SD mai waifai a cikinsa. Da can Eye-Fi ne sarki, shi ya sa zaka ga sunansa a menu na tsofaffin Canon da Nikon, amma kamfanin ya daina, in ka ga ana sayar da shi na hannu ka wuce kawai. Akwai FlashAir na Toshiba, shi ma an daina ƙera shi amma ana samun ragowa. Wanda ya fi yawa yanzu shi ne ez Share na China, wani yana zuwa da memorinsa, wani kuma gidan kati ne kawai da zaka zura ƙaramin memori irin na waya a ciki. Wannan ba ruwansa da Nikon ko Canon ko Sony, in dai kyamara tana cin SD zai shiga. Ni dai shawarata ka tsaya a GB 32 ko ƙasa, saboda wasu tsofaffin kyamarori basa karanta katin da ya wuce haka, kuma da yawa cikin gidajen katin nan ma nan iyakarsu take.

Wajen saye, zaka iya zagayawa shagunan kayan waya da kwamfuta na Ahmadu Bello Way da wajen Taminus ka tambaya, in babu sai ka yi saƙo Abuja wajen Banex a Wuse 2 ko Legas. Duk inda zaka saya, in da hali ka tafi da kyamarar da wayar a gwada a gabanka, gani ya kori ji. Musamman na Nikon, manhajarta mai suna Wireless Mobile Utility tsohuwa ce, akwai sabbin wayoyin da take wa gardama, toh kafin ka biya ko sisi ka fara shiga Play Store ko App Store ka ga ko zata sauka a wayarka ta buɗe. Wasu suna amfani da qDslrDashboard a madadinta, ita ma tana magana da adaftar.

Shiri kafin haɗawa

Yi wannan a gida ko a shago inda hankalinka yake kwance, ba a ƙofar hol ba ana kiranka ango ya iso.

Caja batirin kyamara ya cika, domin adaftar ba ta da batirin kanta, daga na kyamara take sha. Sauke manhajar da ta dace tun kana da data, Wireless Mobile Utility ga Nikon, Camera Connect ga Canon, ez Share ko FlashAir ga masu kati. In ta tambayi izinin shiga hotuna, izinin wurin da kake, ko na na'urorin da ke kusa, ka bata duka. Mutane suna jin tsoron izinin wuri amma Android haka yake, ba ya barin manhaja ta ga sunan waifai sai da shi. A iPhone kuma akwai izinin Local Network, in ka danna a'a a karon farko manhajar bazata taɓa ganin kyamara ba sai ka koma saitin ka kunna.

Sai abu mafi muhimmanci a ɓangaren kyamara, ka hana ta saurin yin barci. Da zarar ta kashe kanta don tattalin batir, wutar da ke zuwa wa adafta ko kati ta yanke, waifai ya ɓace, kai kuma kana can kana zagin waya. A Canon shiga menu ka nemi Auto power off ka kai shi minti 8 ko 15 ko ka kashe shi gaba ɗaya na ɗan lokaci. A ƙananan Nikon sunansa Auto off timers, a manya kamar D7100 Standby timer. Ka tuna ka mayar in ka gama.

Haɗa Nikon da WU-1a ko WU-1b

Kashe kyamara tukuna. Buɗe robar gefe, soka adaftar a ramin USB a hankali, in ta ƙi shiga ka duba ko ka juya ta ne, kar ka danna da ƙarfi don gyaran ramin nan yana da tsada. Kunna kyamara, zaka ga 'yar fitila tana ƙiftawa a jikin adaftar. In kyamararka irin D5200, D3300 ko D7100 ce, leƙa Setup menu akwai layin da aka rubuta Wireless mobile adapter, tabbatar a kunne yake.

Koma waya, kashe data, buɗe waifai. Zaka ga suna ya fito mai farawa da Nikon_WU sai dogayen lambobi, danna shi. Sabuwar adafta bata tambayar faswod, kai tsaye take haɗawa. Wayar zata ce wannan waifai babu intanet, shin a ci gaba, ka ce eh a ci gaba. Daga nan ka buɗe manhajar, zaka ga zaɓi biyu, Take photos da View photos. Shiga View photos, sai Pictures on camera, ka ɗan jira ƙananan hotunan su jeru, ka zaɓi waɗanda kake so ka danna Download. Zata baka zaɓin girma, na asali, ko matsakaici da ta ba da shawara, ko VGA. VGA ƙarami ne sosai, 640 a 480, kar ka ba kwastoma shi zai ce baka iya hoto ba. Matsakaicin ya isa situs da Instagram kuma yana sauka da sauri. Na asali sai in za a wanke hoton ne ko za a yi masa aiki.

Yanzu tsaya, kar ka fita da ita aiki a haka. Na ce bata tambayar faswod, ma'ana duk wanda ke kusa da kai yana da manhajar nan a wayarsa zai iya haɗawa ya ga abin da ke katinka. Ka yi tunanin hotunan kamu ko na lalle, matan aure da 'yan mata cikin gida sun saki jiki saboda an yarda da kai, ace wani yaro a bakin ƙofa ya kwashe. Sunanka ne zai ɓaci a gari, kuma Jos ƙarama ce wajen yaɗuwar magana. Shiga saitin manhajar, ɓangaren adafta, canza tsaron daga OPEN zuwa WPA2, ka sa faswod da bai gaza harafi takwas ba, ka rubuta shi a wani wuri. Bayan ka canza, haɗin zai yanke, sai ka sa wayar ta manta da tsohon waifai ɗin ka sake shiga da sabon faswod. In ka manta shi wata rana, maɓallin da ke jikin adaftar shi ake dannewa a riƙe don mayar da ita yadda ta zo, takardarta ta nuna yadda ake yi.

Haɗa Canon da W-E1

Wannan a taƙaice, tunda masu ita basu da yawa. Dole manhajar cikin kyamarar ta kai 1.1.0, duba a menu ƙarƙashin Firmware, in bata kai ba sai an sabunta daga shafin Canon da cikakken batir. Kashe kyamara, sa CF, sa W-E1 a ramin SD, kunna. A menu zaka ga Wi-Fi function, ka ba kyamarar suna, ka zaɓi haɗawa da waya, sai Easy connection. Allon kyamara zai nuna sunan waifai da faswod, ka shigar a waya, ka buɗe Camera Connect ka zaɓi kyamarar, ita kuma zata tambaya ko ka yarda, ka danna OK. Shikenan.

Haɗa katin SD mai waifai

In gidan kati ne, zura ƙaramin memorin a ciki har ya zauna daidai, amma ka fara kwashe duk abin da ke kansa zuwa kwamfuta. Sa shi a kyamara, kunna, ɗauki hoto biyu uku na gwaji, ka ba shi kamar rabin minti waifai ya tashi. A waya zaka ga ez Share, faswod ɗinsa na kamfani takwas ne sau takwas, 88888888. Na Toshiba sunansa yana farawa da flashair, faswod 12345678. Kowa ya san lambobin nan, ga shi ni ma na rubuta su, don haka maganar canza faswod ta hau kanka kai ma.

Daɗin wannan hanyar shi ne ko manhajar ta ƙi aiki ba ka rasa ba. Buɗe Chrome ko Safari ka rubuta ezshare.card, ko flashair ga na Toshiba, hotunan zasu fito a shafi ka danna ka sauke. Wannan ma yana nufin wani daban, misali yaronka, zai iya tsayawa kusa da kai da wayarsa yana saukewa yana turawa kai kana ci gaba da ɗauka. Sai dai kusa ɗin nan da gaske nake, katin yana cikin cikin kyamara ne a rufe, ƙarfinsa bai kai na adaftar da ke waje ba, 'yan taku kaɗan ne. Ita WU-1a ana ce mata mita 10 zuwa 15 in babu abin da ya tare, amma a hol cike da mutane kowa da wayarsa da hotspot a kunne kar ka sa ran haka, duk a kan zangon 2.4 GHz suke cunkushe.

A kula da yin fomat, wato goge kati gaba ɗaya. A wasu katunan in ka yi fomat a kyamara saitinka yana gogewa ya koma faswod na kamfani, toh duk lokacin da ka yi ka sake dubawa.

Ga dabara ga masu kyamara mai rami biyu irin D7000, D7100 ko 5D Mark III. Sa katinka mai sauri a rami na farko ya riƙa karɓar RAW, wato ɗanyen hoto mai nauyi da ba a matse ba, sa mai waifai a na biyu ya riƙa karɓar JPEG matsakaici ko ƙarami. Hoton da zaka tura ya zama mara nauyi, ainihin aikinka kuma yana kan katin da ka yarda da shi. Ni gaskiya bana son mutum ya ɗora bikin mutane kacokan a kan gidan kati mai arha shi kaɗai, basu da saurin rubutu sosai, in kana harbi a jere ko bidiyo zaka ga kyamara tana tsayawa tana jira. Mai rami ɗaya ya ɗauki RAW da JPEG tare, ko JPEG kawai, domin RAW zalla wahala yake ba waya, wani lokaci ko ɗan hotonsa bazai nuna ba.

In ya ƙi haɗuwa ko yana yankewa

Sau da yawa laifin na waya ne ba na adafta ba. Wayar zamani in ta ga waifai babu intanet sai ta sulale ta koma data ba tare da ta faɗa maka ba, alamar waifai tana sama amma manhaja tana cewa bata ga kyamara ba. Kashe data gaba ɗaya shi ne mafi sauƙi. A Samsung akwai Switch to mobile data a saitin waifai, a iPhone kuma Wi-Fi Assist, kashe su. In kana da VPN a kunne kashe shi, wannan yana hana haɗuwa kai tsaye kuma mutane suna mantawa da shi. In MiFi ɗinka ko waifai na shago yana kusa, wayar zata riƙa guduwa can tunda shi yana da intanet, hana wayar haɗuwa da shi da kanta na ɗan lokaci.

Masu Tecno, Infinix da itel, wayoyin nan suna da tsananin tattalin batir, allo yana mutuwa suke kashe manhajar da ke aiki a baya. Shiga saitin batir ka cire manhajar daga cikin waɗanda ake takurawa, kuma ka bar allon a kunne har hotuna su gama sauka. Ka duba ma ko wayar tana da wuri, wani memorinsa ya cika da bidiyon gurup amma adafta yake zargi.

In duk ka yi wannan bai yi ba, bi tsari: rufe manhajar gaba ɗaya, kashe kyamara, cire adaftar ka mayar, kunna, haɗa waifai tukuna sannan ka buɗe manhajar. Jerin nan yana da tasiri, in ka riga buɗe manhaja kafin waifai ya kama wani lokaci sai ta maƙale.

Sai batun sanyinmu. Daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da bukukuwa suka fi yawa, shi ne lokacin da batir ya fi saurin sauka, balle in aikin safe ne ko kun hau Shere Hills ko bakin ruwan Rayfield hoton kafin aure. Ga sanyi ga waifai yana zuƙa. Riƙe batir na biyu a aljihun ciki inda ɗumin jiki yake. Kuma ƙurar hunturu tana shiga ramin USB tunda robar a buɗe take muddin adafta na jiki, kar ka bar ta a soke duk yini kana yawo, tana iya karyewa ma in ka bugi wani a cunkoso.

Ɗaukar hoto daga waya

Wannan ɓangaren mutane basu cika amfani da shi ba alhali yana da daɗi. Da adaftar Nikon ko ta Canon, ba katin SD ba, zaka iya ɗora kyamara a kan ƙafarta ka koma gefe kana ganin abin da take gani a allon waya, ka taɓa inda kake so ta yi fokos ka danna. Yana amfani wajen hoton dangi da kai ma kake son shiga, ko hoton kaya ga masu sayar da atamfa da takalma a intanet, ko yara masu tsoron kyamara. A Nikon ka saita hasken da komai a jikin kyamara kafin ka koma waya saboda manhajar bata canza su, ta Canon kuwa tana bari ka canza ISO da sauran daga wayar. Sai dai wannan ya fi komai cin batir.

Turawa ga kwastoma

Hotuna sun sauka, yanzu ka cire waifai na kyamara ka kunna data, don adaftar ba ta ba da intanet kuma bata cin datarka ko kaɗan, turawar ce kawai ke ci. In zaka ɗan gyara haske, Snapseed ko Lightroom na waya sun isa. A WhatsApp in ka tura hoto kai tsaye yana matse shi, danna HD ɗin da suka ƙara a 2023, ko mafi kyau ka tura shi a matsayin Document ya je yadda yake. Kuma ka tura wa wanda ya ɗauke ka aiki ne ko wanda ya wakilta, ba duk wadda ta ce Malam mai hoto turo min ba, wata amaryar mijinta bai yarda hotonta ya fita ba tukuna.

Ragowar ɗaruruwan hotunan kuma ka bari sai ka koma, ka zare katin ka sa a kad rida, 'yar na'urar karanta kati. In ba ka da kwamfuta, kad rida mai bakin Type-C ko igiyar OTG tana shiga Android kai tsaye, iPhone 15 zuwa sama ma Type-C ne, na ƙasa da shi kuma akwai mai bakin Lightning. Yana da kyau guda ɗaya ta zauna a jakar kyamara kullum, ranar da waifai ya ƙi ita zata fitar da kai. Kafin ka bar wurin taron kashe kyamara, zare adaftar ka sa a gidanta ka rataye a igiyar kyamara, rufe robar gefe, sannan ka mayar da lokacin barcin kyamara yadda yake da.